Fatan Nasara ko Fatan Shan Kashi: Me Ya Dace da Mai Goyon Baya Idan Kakar Wasa Ta Lalace?

A daren Talata, 14 ga Mayu, 2024, Manchester City ta je gidan Tottenham a Landan, kuma aka ga abin da ba a saba gani ba. Magoya bayan Arsenal, waɗanda ba su da abokiyar hamayya kamar Tottenham, su ne suka cika gidajen kallo suna yi mata fatan alheri, domin idan ta hana City maki, kofin Firimiya zai kusan zama nasu. A cikin filin kuwa, wasu daga cikin magoya bayan Tottenham ɗin kansu ba su ɓoye farin cikinsu ba a lokacin da Erling Haaland ya zura ƙwallo a ragarsu, kuma da aka tashi wasa da ci biyu da nema, kocinsu Ange Postecoglou ya fito fili ya nuna ɓacin ransa da abin da ya gani. City ta ɗauki kofin da maki 91, Arsenal ta ƙare da 89.

Wannan dare ya fito da wata tambaya da ta daɗe tana yawo a bakin masu kallon wasanni: idan kakar wasa ta lalace, kofi ya kuɓuce, ƙungiya tana tangal-tangal, shin ya dace mai goyon baya ya ci gaba da yi mata fatan cin kowane wasa, ko kuwa akwai lokacin da shan kashi ya fi mata alheri, har ya halatta masoyinta ya so hakan a ransa? Ni dai ina ganin ba a amsa ta da zafin zuciya, ana amsa ta ne da wata tambayar: mene ne takamaiman abin da rashin nasarar zai sayo wa ƙungiyar, kuma wa ya ba da tabbacin cewa za a miƙa mata shi? Idan aka bi wannan ma'auni gasa bayan gasa, za a tarar wuraren da fatan shan kashi ke da hujja kaɗan ne ƙwarai, kuma kusan dukansu a Amurka suke.

A can ne ma muhawarar ta samo asali. Gasar ƙwallon kwando ta NBA tana da ƙungiyoyi 30, kowace tana buga wasanni 82 a kaka, kuma babu wadda ake korawa zuwa ƙaramar gasa komai lalacewarta. A ƙarshen kowace kaka ana zaman zaɓen sababbin 'yan wasa, inda ƙungiyoyi ke ɗaukar matasan da suka fito daga jami'o'i da ƙasashen waje ɗaya bayan ɗaya, kuma an tsara abin ne yadda waɗanda suka fi shan wahala za su riga sauran zaɓe. Matashin da aka zaɓa ba shi da ikon cewa ga inda yake so, kuma albashinsa na shekarun farko ƙayyadadde ne, saboda haka ƙungiyar da ta dace da gwani ta same shi da araha na tsawon lokaci. Ga shi kuma mutum biyar kacal ke cikin fili a kowane ɓangare, don haka gwani guda yana iya juya al'amarin ƙungiya gaba ɗaya, abin da yake da wuya a ƙwallon ƙafa mai mutum goma sha ɗaya. Duk wanda ya fahimci wannan tsari zai gane dalilin da ya sa mai goyon baya a Amurka ke duban ƙasan teburi da irin idon da mu muke duban samansa.

Hujja mafi ƙarfi ga masu fatan shan kashi ɗan Najeriya ne. A kakar 1983 zuwa 1984, Houston Rockets ta ci wasanni 29 ta sha kashi a 53, kuma an zarge ta sosai da sakin jiki da gangan a ƙarshen kakar. A lokacin, tsabar kuɗi ake jefawa tsakanin ƙungiyoyi biyu don a fitar da wadda za ta fara zaɓe, Houston ta dace, ta ɗauki Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya kai ta ga kofi sau biyu a jere, a 1994 da 1995. Surutun da ya biyo bayan wannan kaka ne ya sa hukumar gasar ta shigo da tsarin ƙuri'a a 1985, domin kada ƙungiya ta riƙa samun tabbacin lada a kan faɗuwa. Haka ma San Antonio Spurs: a kakar 1996 zuwa 1997 babban ɗan wasanta David Robinson ya ji rauni, wasa shida kawai ya buga, ƙungiyar ta ƙare da nasara 20 a wasanni 82, ƙuri'a ta faɗo mata, ta ɗauki Tim Duncan, kuma da shi ta ci kofi biyar tsakanin 1999 da 2014. Babu mai goyon bayan San Antonio da zai ce yau ya yi nadamar wannan mummunar kakar.

Akwai kuma hujja ta biyu da ba a cika kulawa da ita ba, wato tarkon tsakiya. Ƙungiyar da ke ƙarewa a tsaka-tsaki a irin wannan gasa ba ta da ƙarfin cin kofi, ba ta kuma lalace har ta kai ga zaɓen gwani ba, don haka tana iya shafe shekaru goma a wuri ɗaya. A gasar zari-ruga ta Amurka, NFL, lissafin ya fi haka fitowa fili, domin babu ƙuri'a, wadda ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓe kai tsaye. A Disamban 2020, New York Jets ta sha kashi a wasanni 13 a jere, sai ta je ta doke Los Angeles Rams, kuma wannan nasara ta taimaka wajen miƙa zaɓen farko ga Jacksonville, wadda ta ɗauki Trevor Lawrence. Jets ta ɗauki Zach Wilson a matsayi na biyu, bai kuma yi mata amfanin da ta sa rai ba. Mai goyon bayan Jets da ya ji haushin wannan nasarar yana da dalilin da za a saurara.

Sai dai labarin Duncan yana da wani ɓangare da masu kawo shi hujja ba su cika ambata ba. A wannan shekarar ta 1997, Boston Celtics ce ta fi kowa damar cin ƙuri'ar, bayan ta ci wasanni 15 kacal a kaka guda, amma ta tashi da zaɓe na uku da na shida, Duncan ya tafi wani wuri. A kakar 2011 zuwa 2012, Charlotte ta ci wasa 7 ta sha kashi a 59, ta kuma rasa Anthony Davis a ƙuri'a, New Orleans ta same shi. Ana tuna waɗanda suka faɗi suka dace, ana mantawa da waɗanda suka faɗi suka tashi hannu rabbana, alhali su ne suka fi yawa.

Babu inda aka gwada wannan dabara da gaske kamar Philadelphia 76ers a ƙarƙashin manajanta Sam Hinkie, daga 2013 zuwa 2016. Ya rabu da ƙwararrun 'yan wasa, ya cika ƙungiyar da matasa masu araha, ya tara damar zaɓe, kuma a kaka uku ƙungiyar ta ci wasanni 19, da 18, da 10, wato nasara 47 a wasanni 246, har da shan kashi 28 a jere da ya ratsa kakanni biyu. Da yawa daga cikin magoya bayanta sun rungumi tsarin da zuciya ɗaya. Abin da suka samu ba ƙarami ba ne, domin Joel Embiid, ɗan Yawunde ta Kamaru, wanda aka zaɓa na uku a 2014, ya zama gwarzon ɗan wasan gasar a 2023. Amma Jahlil Okafor, da Ben Simmons, da Markelle Fultz, waɗanda aka ɗauka a sahun farko a shekaru ukun da suka biyo baya, duk sun bar ƙungiyar ba tare da sun kai ta inda aka yi alkawari ba, kuma har zuwa ƙarshen kakar 2025 Philadelphia ba ta taɓa wuce zagaye na biyu na wasannin fitar da zakara ba tun da aka fara wannan tafiya. An biya farashin gaba ɗaya, da shekaru uku na baƙin ciki, kayan kuwa rabi aka kawo.

Daga 2019 ma sai hukumar NBA ta ƙara rage ladan. A da, ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe tana da kashi 25 cikin ɗari na damar fara zaɓe, tsarin 2019 kuwa ya ba ukun ƙarshe kowace kashi 14, ya kuma bar ta ƙarshen da kusan kashi 48 cikin ɗari na yiwuwar zamewa zuwa matsayi na biyar. Daga 2019 zuwa 2025, ba a taɓa samun shekarar da ƙungiya mafi muni ta ci zaɓen farko ba. Detroit Pistons ta zo ta ƙarshe a 2023 da nasara 17, ta samu na biyar, a shekarar da Victor Wembanyama ya tafi San Antonio. Ta sake zuwa ta ƙarshe a 2024 da nasara 14, ta sake samun na biyar, yayin da Atlanta ta ci ƙuri'ar da damar kashi 3 cikin ɗari. A 2025 Dallas ce ta ci, da damar da ba ta kai kashi 2 ba. Wanda ya shafe watanni shida yana yi wa ƙungiyarsa fatan faɗuwa saboda irin wannan dama, cinikin biri a sama ya yi, kuma ya kamata ya san haka tun kafin ya shiga.

Ko inda babu ƙuri'a, sanin gwani tun yana matashi ba abu ne mai tabbas ba. A makon ƙarshe na kakar NFL ta 2022, wanda aka buga a Janairun 2023, Houston Texans ta doke Indianapolis da maki 32 da 31 a daƙiƙun ƙarshe, ta rasa zaɓen farko, magoya bayanta da yawa suka fusata, aka kuma sallami kocinta a wannan daren. Da lokacin zaɓe ya zo, ta ɗauki C.J. Stroud a matsayi na biyu, ya zama gwarzon sababbin 'yan wasan kai hari na shekarar, ƙungiyar ta ci wasanni 10 ta kuma jagoranci rukuninta. Nasarar da aka yi kuka a kanta ba ta cutar da kowa ba. Idan aka ajiye labarin Jets da na Texans gefe da gefe, abin da ya fito shi ne cewa babu wanda ya san abin da nasara ɗaya ko faɗuwa ɗaya za ta haifar, har da ƙwararrun da ake biya albashi don su sani.

Yana da kyau kuma a lura da wanda ke aikata sakin wasan. 'Yan wasa da kociyoyi ba sa shiga fili don su faɗi, domin kwantiraginsu na gaba yana rataye ne a kan abin da suka yi a yau, kuma matashin da za a zaɓo ɗin yana zuwa ne ya karɓe gurbin ɗaya daga cikinsu. Shugabanni ne ke yin lissafin a ofis, ta hanyar sayar da gwanaye ko ajiye su a benci, kuma hukumar gasar ba ta ɗaukar hakan abin wasa: ta ci tarar mai Dallas Mavericks a lokacin, Mark Cuban, dala 600,000 a 2018 saboda ya furta cewa faɗuwa ce ta fi wa ƙungiyarsa, ta kuma ci tarar ƙungiyar dala 750,000 a 2023 saboda ajiye 'yan wasa a wasan da take da sauran dama. Saboda haka mai fatan shan kashi, ko a Amurka, ya ɗauki ɓangaren masu ofis ne a kan mutanen da ke zufa a gabansa sanye da rigar da yake ƙauna.

Idan aka dawo ƙwallon ƙafa, wadda ita ce yawancinmu muke kallo, sai lissafin ya kife gaba ɗaya. Babu zaɓen matasa, babu ƙuri'a, babu wata kyauta da ake ajiye wa na ƙasa. A Firimiyar Ingila kowane mataki a teburi yana da kuɗinsa, wanda ya haura fam miliyan biyu a 'yan shekarun nan, ukun ƙarshe kuma suna faɗawa ƙaramar gasa, inda kuɗin talabijin ke raguwa matuƙa, gwanaye su nemi tafiya, ma'aikatan da ba a san sunansu ba su rasa aiki. Akwai kuɗin rage raɗaɗi da ake ba waɗanda suka faɗi na 'yan shekaru, amma bai hana Leeds United, wadda ta faɗi a 2004, shafe shekara 16 kafin ta dawo ba, har da shekara uku a mataki na uku. Sunderland ta faɗi a 2017, ta sake faɗuwa a 2018, ta yi kaka huɗu a mataki na uku, ba ta sake ganin Firimiya ba sai 2025. Gaskiya ne Newcastle ta faɗi a 2009 da 2016 kuma duka biyun ta dawo cikin shekara guda, amma babu wanda zai iya faɗa tun kafin faɗuwa ko ƙungiyarsa Newcastle za ta zama ko Leeds.

A gida ma mun ga haka. Kano Pillars, mai kofin gasar Najeriya huɗu, na 2008, 2012, 2013 da 2014, ta faɗi daga babbar gasa a 2022 tare da Katsina United, da Heartland, da MFM. Na sha jin masu cewa gara a faɗi ɗin, wai sai an faɗi gwamnati za ta farka ta gyara shugabanci ta kuma saki kuɗi. Pillars da Katsina United sun dawo a 2023, amma shekarar da aka yi a ƙaramar gasa asara ce zalla: manyan baƙi sun daina zuwa, 'yan wasa sun watse, masu ƙananan sana'o'in da ke cin abinci a ranar wasa sun ji a jikinsu, kuma duk gyaran da ake fata abu ne da za a iya yi ba tare da an faɗi ba. Sannan a ƙwallonmu maganar faɗuwa da gangan tana da wani wari na daban, tun daga abin kunyar 2013, lokacin da Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine kuma ta ci Bubayaro 67 da nema a rana ɗaya, har hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta haramta wa waɗanda ke da hannu shiga harkar har abada. A inda zargin sayar da wasa bai gama mutuwa ba, bai kamata magoya baya su zama masu saba wa jama'a da tunanin cewa faɗuwa na iya zama dabara ba.

Leicester City ta nuna darajar nasarorin da ake rainawa a ƙarshen mummunar kaka. A farkon Afrilun 2015 tana ƙarshen teburi da maki 19 a wasanni 29, sai ta ci bakwai daga cikin tara da suka rage, ta ƙare ta 14. Yawancin 'yan wasan da suka yi wannan ceto, irin su Jamie Vardy, da Riyad Mahrez, da Kasper Schmeichel, da Wes Morgan, su ne suka ɗauki kofin a 2016.

To me ke sa mai goyon bayan ƙwallon ƙafa fatan faɗuwa, tunda babu lada? Dalilin da aka fi ji a gidajen kallo shi ne a kori koci. Mutum ya gaji da salon wasa, ya yanke ƙauna, yana ganin kowace nasara tana tsawaita zaman wanda ba zai kai su ko'ina ba. Wannan dalili ya cancanci a tsaya a kansa, domin Manchester United ta ba shi misali mai ƙarfi. Ta ƙare ta takwas a kakar 2023 zuwa 2024, ana ta raɗe-raɗin sallamar Erik ten Hag, sai ya doke City da ci biyu da ɗaya a wasan ƙarshe na kofin FA a Mayun 2024. Shugabanni suka bar shi, suka tsawaita kwantiraginsa, suka sayo masa 'yan wasa da maƙudan kuɗi, sannan suka sallame shi a ranar 28 ga Oktoba, ƙungiyar tana ta 14. Wanda ya ce da an faɗi a Wembley da an huta da wannan asarar bai yi ƙarya ba. Amma ci gaban labarin ya rushe hujjar, domin Ruben Amorim ya karɓi aiki a Nuwamba, kuma United ta ƙare ta 15 da maki 42, mafi munin sakamakonta tun da aka fara Firimiya a 1992. Ciwon ya wuce koci, yana cikin yadda ake sayen 'yan wasa da yadda ake yanke shawara a sama, kuma shugabancin da wasa ɗaya ke iya juya ra'ayinsa a kan babban al'amari irin wannan, faɗuwa ba za ta koya masa hikima ba. Wanda ya so a rasa kofin FA don a kori koci, da burinsa ya cika, da ya rasa kofin da ke hannu ya kuma tarar da matsalar tana nan inda ya bar ta.

Dalili na biyu shi ne gudun ƙananan gasannin Turai da ake bugawa ranar Alhamis, kuma ana kafa hujja da Chelsea, wadda ta ƙare ta goma a 2016, ba ta je Turai ba, ta ɗauki Firimiya a 2017 da maki 93 a hannun Antonio Conte. Hutun ya taimaka, babu musu, amma sabon koci da zuwan N'Golo Kanté sun fi shi tasiri, kuma ƙungiyoyin da suka huta daga Turai ba tare da sun ci komai ba sun fi a ƙirga.

Akwai wani abu da ake rikitawa da fatan faɗuwa alhali dabam yake, wato fifita wata gasa a kan wata. A kakar 2024 zuwa 2025, Tottenham ta sha kashi sau 22 a Firimiya ta ƙare ta 17 da maki 38, amma ukun da ke ƙasanta sun yi nisa sosai, ta 18 ma maki 25 gare ta, don haka babu barazanar faɗuwa. Postecoglou ya riƙa adana manyan 'yan wasansa saboda gasar Europa, kuma a ranar 21 ga Mayu, 2025, a Bilbao, ya doke United da ci ɗaya mai ban haushi, kofin farko da ƙungiyar ta ɗaga tun 2008, tare da gurbin Gasar Zakarun Turai. Mai goyon bayan da ya haƙura da shan kashi a gasar gida a waɗannan makonni bai yi wa ƙungiyarsa fatan sharri ba, ya yarda ne a kashe ƙarfi inda riba take, kuma ko a wasannin da aka sa yara yana son yaran su ci. Wannan matsayi ina ganinsa daidai, da sharaɗin cewa hatsarin faɗuwa ya kau da gaske, ba a baki kawai ba.

Dalili na uku, hana abokin hamayya kofi, shi ne ya fi kowane zafi, kuma ba Tottenham ce ta fara ba. A Mayun 2010 magoya bayan Lazio sun yi murna a filinsu lokacin da Inter ta doke su da ci biyu, saboda kada Roma, abokiyar hamayyarsu ta gari ɗaya, ta ɗauki kofin babbar gasar Italiya ta Serie A. Na fahimci zafin, domin duk wanda ya zauna a majalisa ɗaya da abokan hamayya ya san nauyin gorin shekara guda. Amma a duba abin da Tottenham ta ajiye a wannan dare na 2024. Ta ƙare kakar da maki 66, Aston Villa ta huɗu tana da 68, kuma Villa ta sha kashi a wasanta na ƙarshe. Bisa alƙaluman da aka tashi da su, da Tottenham ta doke City da ta kai 69, ta shiga Gasar Zakarun Turai da kuɗinta da martabarta. Kaka ta gaba ta zo mata da kofin Europa, amma babu wanda ya san da haka a lokacin, kuma babu wanda ya yi murnar ƙwallon Haaland saboda shi. Abin da masu murnar suka nuna shi ne cewa ƙin Arsenal ya fi musu nauyi a kan son Tottenham, kuma abin da ya ƙona ran kocinsu ke nan.

A ƙarƙashin duk wannan akwai wata gaskiya da ke sauƙaƙa zaɓin. Fatan mai kallo daga Kano ko Damagaram ba ya ƙara ƙwallo ba ya rage ta. Abin da yake canzawa shi ne yadda shi kansa zai shafe minti casa'in ɗin, da irin dangantakar da za ta rage tsakaninsa da ƙungiyar. Wanda ya saba jin haushi idan ɗan wasansa ya ci ƙwallo yana koya wa zuciyarsa wani hali da ba ya fita da sauƙi ranar da al'amura suka gyaru. Ga wanda ke cikin fili kuwa, a Sani Abacha ko a Muhammadu Dikko, muryarsa tana isa kunnen 'yan wasa, kuma matashin da ya ji gida ya juya masa baya ba ya ƙara ƙwazo. Mai son canji yana da hanyoyin da suka fi fata tasiri. A Afrilun 2021 boren magoya baya a Ingila ya taimaka wajen rushe shirin gasar Super League, wadda wasu manyan ƙungiyoyin Turai suka so kafa wa kansu, cikin kwana biyu, kuma a farkon Mayun shekarar zanga-zangar magoya bayan United a kan iyalan Glazer, masu ƙungiyar, ta sa aka ɗage wasansu da Liverpool. Ƙorafi a fili, da ƙin sayen tikiti ko riga, da matsa wa shugabanni lamba cikin lumana, duk suna isa ga masu yanke shawara kai tsaye, ba tare da an bi ta kan 'yan wasa ba.

Saboda haka idan ƙungiyarka tana gasar da ake faɗuwa, ko a Ingila, ko a Sifaniya, ko a Najeriya, ko a Nijar, ban ga wata hujja ta fatan shan kashi ba, ko don koci, ko don jadawali, ko don maƙwabci. Idan kuwa NBA ko NFL kake bi, akwai ƙaramar kafa da zan yarda da ita: makonnin ƙarshe na kaka, bayan lissafi ya tabbatar babu sauran damar shiga wasannin fitar da zakara, kuma akwai fitaccen matashi a zaɓen da ke tafe. A nan ba zan zargi wanda ya karɓi faɗuwa da sanyin zuciya ba, musamman a NFL inda ladan ke zuwa kai tsaye. Ko a nan ɗin ma, abin da ya fi dacewa ya sa wa ido shi ne ko matasan da ke hannu suna samun lokacin wasa kuma suna ci gaba, domin su ne sabon gwanin zai tarar idan ya zo. Detroit ta tashi daga nasara 14 zuwa 44 a kakar 2024 zuwa 2025 ba tare da ta ci ƙuri'a a shekarun nan biyu ba. Cade Cunningham, wanda ta zaɓa tun 2021, shi ne ya nuna, aka kawo sabon koci, J.B. Bickerstaff, aka kuma ƙaro 'yan wasa masu gogewa da suka san yadda ake riƙe wasa a mintunan ƙarshe.